Golf ɗin Faifai da Dare a Kan Dusar Ƙanƙara

A ƙarshen Disamba rana tana fitowa a Helsinki bayan ƙarfe tara na safe, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe uku. A Oulu da ke arewacin Finlan hasken yini bai cika awa huɗu ba. A Minesota ta Amurka kuwa, da ƙarfe huɗu da rabi ta yi, rana ta tafi. Ma'aikaci ko ɗalibin da ke zaune a irin waɗannan wurare, in har yana son golf ɗin faifai, ko dai ya rataye jakarsa sai Afrilu, ko ya koyi wasa cikin duhu, dusar ƙanƙara har ƙauri. Masu zaɓar na biyu suna da yawa, kuma wasan yana yiwuwa sarai, sai dai rabin aikinsa a gida ake yin sa kafin a fita.

Ga wanda bai san wasan ba, tsarinsa irin na golf ne, amma faifan roba ake jifa da hannu, kuma a maimakon rami akwai kwandon ƙarfe a jikin sanda, da sarƙoƙi rataye a samansa don su tare faifan ya faɗa ciki. Duk da haka, kowane zango daga wurin jifa zuwa kwando rami ake kiransa. Wanda ya zagaye fili da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Faɗin faifan santimita 21 ne ko ya ɗan ɗara, nauyinsa yawanci giram 165 zuwa 180, kuma dokar PDGA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan, wadda Ed Headrick ya kafa a 1976, ta hana ya wuce giram 200. Filin farko na dindindin a Oak Grove ta Kalifoniya aka yi shi a 1975, wurin da sanyi ba ya damun kowa. Daga baya wasan ya yi ƙarfi a ƙasashen sanyi, musamman Finlan da Suwidin da Istoniya da Kanada. Tun 1987 ake yin gasar hunturu ta Ice Bowl, wadda Rick Rothstein ya fara a Kolombiya ta jihar Misuri, ana tara kuɗi da abinci don mabuƙata.

Babbar matsalar guda ɗaya ce: gano inda faifai ya sauka. Abu ne da kaurinsa bai kai santimita biyu ba, ya yi tafiyar mita 70 ko 80, ya shige cikin sabuwar dusar ƙanƙara kamar an jefa faranti cikin tulin gari. Abin da yake bari a sama ɗan tsaga ne siriri, kuma ba a ƙarƙashin tsagar yake tsayawa ba, yakan ci gaba da zamewa a ciki mita ɗaya ko biyu. Da rana ma mutum yakan sha wahalar nema, balle da dare. A gasa minti uku ake bayarwa na nema, in ba a gani ba an ƙara maka jifa ɗaya a matsayin hukunci, ka koma inda ka jefo. A wasan abokai kuwa babu mai ƙirga minti, amma duk minti goman da aka yi ana haƙa, yatsun kowa ne ke daskarewa.

Hanyoyi huɗu ake bi, kuma ba daidai suke ba. Akwai faifai mai sheƙi cikin duhu, akwai ƙaramar fitilar LED da ake manna wa faifai, akwai dogon zaren ado, akwai garin alli.

Faifai mai sheƙi shi mutane suka fi sani. Kusan kowane kamfani yana da nasa: Eclipse na MVP, Moonshine na Latitude 64, Glow na Innova da na Kastaplast. A cikin robar an cuɗa wani sinadari da ke shan haske ya riƙa sakin sa a hankali. Ana cika shi da tocilar UV, mai shuɗin hasken nan da ake duba jabun kuɗi da ita, daƙiƙa goma zuwa ashirin a kowace fuska kafin kowane jifa. A kan ciyawa, ko a kan dusar da aka tattake ta yi tauri, ya wadatar. Amma yana da rauni biyu a hunturu. Sanyi yana rage saurin da sinadarin ke sakin haske, don haka sheƙin ya fi dusashewa a kan yadda ka saba gani da bazara. Na biyu, in ya nitse santimita goma a cikin dusar, ɗan koren hasken nan ba ya iya ratsowa. Faifai mai sheƙi kaɗai a cikin sabuwar dusa mai zurfi, asara ce ke jira.

Fitilar LED ita ce abin dogaro, kuma a nan ya kamata a kashe kuɗi da lokaci. Fitila ce shimfiɗaɗɗiya mai nauyin 'yan giram kaɗan, da batir ɗin litiyam irin na agogo. Dusar ƙanƙara tana watsa haske, saboda haka ko faifan ya nitse za ka hango wani kewaye mai launi yana ci daga ƙarƙashi, tun daga nesa. Faifan da za a manna wa ya zama mai robar da haske ke ratsawa, irin Champion na Innova ko Z na Discraft ko Opto na Latitude 64. A manna ta a ƙasan faifan, daidai tsakiya, ƙwan yana kallon sama. Ta haka gefen faifan yana kare ta daga bugun itace, kuma ko ya faɗi a kife ko a rigingine ana ganin hasken. In ta kauce daga tsakiya ko da santimita ɗaya, faifan zai riƙa rawa a sama. Kowane ɗan wasa ya ɗauki launinsa, ja ko kore ko ruwan goro. Fari ba shi da amfani sosai, yana sajewa da hasken tocila a kan dusar. Na fi son mai ci a tsaye a kan mai ƙyaftawa: mai ƙyaftawa tana adana batir, amma ido yakan rasa ta a tsakiyar tafiya, daidai lokacin da faifan ke karkata.

Mannawar ce ke kayar da yawancin sababbi. Gam ɗin salatif ba ya kama roba mai sanyi ko mai danshi. Wanda ya tsaya a wurin ajiye mota yana manna fitila da daskararrun yatsu, a rami na biyu zai ga faifai ya yi gabas, fitila ta yi yamma. A yi aikin a ɗaki, tun daren jiya in da hali. A wanke faifan da sabulu, a shanya, a goge tsakiyar da sifirit don cire maiƙon hannu. A yanka salatif mai kauri wanda ake gani ta cikinsa, irin na gyaran kayan waje, ba siririn nan na rufe kwali ba. Girman santimita 6 ko 7 kowane gefe ya isa. A zagaye kusurwoyin da almakashi, domin ta kusurwa dusar ke shiga ta ɗaga shi. A danna da babban yatsa daga tsakiya zuwa waje har iska ta fita, a ɗan hura masa zafi da na'urar busar da gashi, a sake dannawa. Kafin a rufe, a tabbata ana iya danna makunnin ta saman salatif ɗin.

Zaren ado, irin wanda ake ɗaure kyauta da shi, faɗin rabin santimita, tsawon santimita 60 zuwa 90, shi ne dabarar masu wasan rana. Faifai ya nitse, jelar zaren ta rage a sama. Ana huda ɗan tsaga a tsakiyar salatif mai yadi, a zura bakin zaren, a lanƙwasa shi a ƙasa, sannan a manna. Da dare amfaninsa ya ragu, tun da sai tocila ta haska shi, ga shi yana rage nisan jifa, yana naɗe yatsa wajen saki, yana maƙalewa a reshe. Duk da haka, in dusar ta kai gwiwa, haɗa zare da fitila a faifan dogon zango ba ɓarna ba ne. Garin alli na magina kuwa, wanda ake barbaɗa wa faifai don ya bar tabo a inda ya shiga, na rana ne, kuma jan yana rina tufafi ba ya fita. A sani cewa a gasar da ke ƙarƙashin PDGA ba a yarda a ƙara wa faifai fitila ko zare ko alli ba, sai in shugaban gasar ya sanar cewa wasan dare ne ko na dusar ƙanƙara.

Bayan an manna komai cikin ɗumi, sai a juya lamarin: faifan ya yi sanyi kafin jifan farko. Faifan da ya fito daga ɗaki ko daga mota mai zafi, da ya taɓa dusar sai ta narke a jikinsa, ruwan ya sake daskarewa ya zama ɓawon ƙanƙara a cikin gefen da yatsu ke kamawa. Daga nan sai santsi da ƙarin nauyi a gefe ɗaya. A ajiye jakar a baranda ko a bayan mota rabin awa. Faifai mai sanyi, busasshiyar dusa zubewa take yi daga jikinsa da bugu ɗaya a cinya. Saboda wannan dalili ne ba a saka faifai a cikin riga don a ɗumama shi, kuma ba a hura masa numfashi.

Irin robar ma yana da tasiri. Mai arha, irin DX na Innova ko Pro D na Discraft, tana yin tauri ta zama mai saurin tsagewa idan sanyi ya kai digiri 10 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos. Bugu ɗaya a jikin daskararren itace ko ƙarfen kwando ya isa ya raba ta. Mai tsada mai tauri ba ta cika fashewa ba, amma tana yin santsi. Kamfanoni suna da roba mai laushi da ke riƙe laushinta a sanyi, kamar GStar na Innova, FLX na Discraft, da K1 Soft na Kastaplast. Faifai uku ko huɗu sun isa: na zura kwando, na matsakaicin zango biyu, da ɗaya na ɗan dogon zango. Wanda ka fi ƙauna, wanda ka yi shekaru kana horarwa, ka bar shi a gida.

Jifan kansa sai an rage buri. Iskar digiri 10 ƙasa da sifili ta fi ta digiri 25 nauyi da kusan kashi 13 cikin ɗari, don haka tana ƙara jan faifai baya. Ga riguna uku suna tauye kafaɗa, ga ƙafa ba ta samun cikakken taku, ga tsoka ba ta sake ba. Sakamakon shi ne hannu ba ya kai saurin da ya saba. Lamba ta farko a jikin faifai tana nuna saurin da yake buƙata. Mai lamba 12 ko 13, in bai samu ƙarfinsa ba, sai ya karkata da wuri, hagu ga mai jifa da bayan hannun dama, ya sauko a gefe ya soke cikin dusar. Wannan saukar ita ce mafi muni, domin ita ke kai faifai can ƙasa. Wanda ya sauka a kwance kuwa yakan zauna a sama ko ya nitse kaɗan. Saboda haka a ɗauki mai lamba 4 zuwa 7, mai tafiya miƙe, a jefa shi a kwance, da kashi 70 ko 80 na ƙarfi. Mita 60 a tsakiyar hanya ta fi mita 90 a cikin ƙurmi nesa ba kusa ba.

Sai a kula da irin dusar ranar. Sabuwa mai laushi haɗiyewa take yi, faifai ba ya tsalle ko kaɗan, inda ya taɓa nan ya tsaya, don haka ana iya nufar kwando kai tsaye. Wadda ta narke da rana ta sake daskarewa da dare ta yi ɓawo, ita kuma akasin haka ce: faifai zai taɓa ya zame mita ashirin, in akwai gangara ya wuce haka. A irin wannan dare a sauke faifan kafin kwando, a bar shi ya ƙarasa da kansa.

Dandamalin da ake tsayawa a yi jifan farko, na siminti ne ko na ciyawar roba, shi ya fi jawo rauni. A zo da ƙaramin shebur da tsintsiya mai tauri, a share kafin kowa ya taka, domin dusar da aka tattake gobe ƙanƙara ce. A barbaɗa yashi, kada a zuba gishiri, yana cin siminti yana kashe ciyawar gefe. Ƙusoshin da ake ɗaura wa takalmi suna da kyau wajen tafiya, amma wajen jifa akwai haɗari: ƙafar gaba dole ta juya a kan diddige, in ƙusa ta kafe ta, gwiwa ce za ta ɗauki juyin. Mafita ita ce a bar gudu, a yi jifa a tsaye ko da taku ɗaya, ƙafafu a buɗe. In dandamalin ya zama gilashi, a tsaya a gefensa a kan dusar da aka daddanne, duk 'yan wasa su yarda da haka tun farko.

Kada a fita da ƙasa da mutum uku, kuma huɗu ya fi. Kafin kowane jifa ɗaya ya yi gaba mita 40 ko 50, ya laɓe a bayan itace mai kauri, ya kunna jar fitila don a san inda yake. Mai jifa ba ya saki sai ya ji amsa. Sauran duk su bi faifan da ido har ƙasa, kowa ya riƙe wata alama, kututture ko reshe. Wajen zuwa a yi layi ɗaya, ana taka sawun na gaba, domin in mutum huɗu suka bazu suka tattake wurin, tsagar ta ɓace ke nan. Idan fitilar faifan ta mutu, a fara da kashe duk tocila na ɗan lokaci a duba ko akwai sauran sheƙi. In babu, a sunkuya a riƙe tocila kusa da ƙasa, hasken ya kwanta a kan dusar. Ta haka ƙaramar tsaga ke yin inuwa ta bayyana, abin da hasken goshi mai dukan ƙasa daga sama ba ya nunawa. In an gan ta, a laluba da ƙafa a hankali ta ɓangaren da faifan ya nufa.

Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma farin haske na daƙiƙa biyu yana mayar da aikin baya. Dusar ƙanƙara tana maido da hasken wata da na gari, har mutum ya yi mamakin yadda yake gani ba tocila. Don haka fitilar goshi a bar ta a kan ja, farin sai wajen nema. Mai cika faifai da UV ya juya baya, ya yi a cikin jaka ko ƙarƙashin riga, kuma kada ya haska idon kowa. Kwando kuma a rataya masa ƙaramar LED a sama tana kallon sarƙoƙi. Sandunan nan masu sheƙi da ake karyawa ba su da ƙarfi a sanyi, domin sinadarin cikinsu yana yin sanyin aiki. Wanda ya fara isa kwando ya girgiza sarƙoƙin ya kwashe dusar ciki da hannu. Daskararrun sarƙoƙi ba sa lanƙwasa, tofar da faifai suke yi, don haka ko bayan girgizawa a zura a hankali, a nufi tsakiya.

Tufafi hawa uku ne: na jiki na ulu ko roba mai fitar da gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska wanda bai matse kafaɗa ba. Auduga ba ta da wuri a nan, ko singileti, domin tana shan gumi ta riƙe shi, kuma tafiya cikin dusa mai zurfi tana sa gumi ko da sanyi ya kai ina. Takalmi mara shan ruwa, mai ɗan sarari. Safa biyu a matsattsen takalmi tana tare jini, ƙafar ta fi yin sanyi. A ɗaura abin rufe ƙauri don dusar ba ta shiga ta sama ba. Hannun jifa a saka shi a babbar safar hannu marar rabon yatsu, da fakitin ɗumama hannu a ciki, a zare ta daƙiƙa goma kafin jifa, a mayar nan take. Fakitin garin ƙarfe ne da ke zafi in ya sha iska, don haka a buɗe shi minti goma sha biyar kafin a fara, kuma in ya jiƙe ya mutu. Tawul uku ko huɗu, busasshe ɗaya a cikin riga. Waya da batir ɗin ajiya a aljihun ciki, kusa da jiki. Filas na shayi mai zafi. A Disamba Isha kan shiga wajen ƙarfe shida a Helsinki, don haka ana iya yin salla a gida sannan a fita, amma a goge hannu da fuska su bushe sosai bayan alwala, a shafa mai.

Akwai iyakar da ba a tsallakewa. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Alamar farko ita ce yatsa ko kunne ko hanci ya daina ciwo, ya yi fari ko toka-toka, ya yi tauri. A kan baƙar fata canjin launin ba ya saurin bayyana, ballantana cikin duhu, don haka rashin ji shi ne abin lura. Ba a murza wurin, ba a goga masa dusa, ba a kai shi kusa da wuta. A saka hannun a hammata, a bar wasan, a gida a jiƙa cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, in ji bai dawo ba ko fata ta yi ƙuraje a tafi asibiti. Wanda ya fara rawar ɗari ba tsayawa, maganarsa tana harɗewa, a kai shi mota nan take. Tafki kuma: hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota tana cewa sai sabuwar ƙanƙara mai haske ta kai kaurin santimita 10 kafin a taka, kuma fara mai haɗe da dusa ƙarfinta rabin wannan ne. Da dare babu mai iya tantance wannan da ido. Faifan da ya sauka a kan tafki a bar shi, ko fitilarsa tana ci ana kallo.

A zaɓi filin da aka sani da rana, ramuka tara gajeru, ba ruwa ba gangara mai tsini. A duba ko a buɗe yake: wuraren shaƙatawa da yawa a Amurka ana rufe su da dare, a Finlan kuma wasu filayen ana rufe su duk hunturu saboda hanyar masu sululu a kan dusar ƙanƙara ta ratsa ta cikinsu, kuma taka wannan hanya da takalmi ɓata aikin mutane ne. Manhajar UDisc ta 'yan golf ɗin faifai takan nuna halin da fili yake ciki. A gaya wa wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa.

In an dawo, a kashe fitilun, a fito da faifan duka daga jaka a jera su su bushe, jakar ma a buɗe ta. Danshin da ya shiga ƙarƙashin salatif yana cin ƙarfen batir, don haka duk wanda gefensa ya ɗaga a ɓare shi, a goge ragowar gam da sifirit, a bar fitilar ta kwana a buɗe, a sake mannawa kafin fita ta gaba.